Turmin Rifkatu

Dum, dum, dum. Ƙarar taɓaryata ke nan cikin sabon turmi, da rana tsaka, a bayan gidan wani Bature a Nassarawa ta Kano. Ina amarya, ko lallen hannuna bai goge ba, na ce bari in surfa gero in dama wa maigida kunu ya san ya yi aure. Geron ko dusa bai fara saki ba sai ga wata tsohuwa ta ɓullo ta cikin shinge, ɗankwali a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, tana ɗaga mini hannu kamar mai tsai da jirgin ƙasa.

"Ke 'yar nan, ajiye! Ajiye taɓaryar nan! So kike a kori mijinki?"

Na saki taɓarya don tsoro, ta faɗa kan kwanuka, ƙarar ta ninka ta dakan. Muka ƙame mu biyu, idanunmu a kan tagar Bature. Labule bai motsa ba. Sai tsohuwa ta zube a ƙasa tana dariya marar sauti, kafaɗu na rawa, hawaye na zuba. Ni ma na kama, ban ma san abin da nake yi wa dariya ba.

Mama Saratu ke nan, matar wani tsohon kuku, mutuniyar ƙasar Zazzau kamar ni. Da numfashinta ya dawo ta karanta mini dokar unguwa: Turawa barcin rana suke yi, don haka ba daka, ba faskare, yaro ma in zai yi kuka ya jira. "Sai kin ga masu gadi sun idar da la'asar sun naɗe tabarma. To daga nan ki daka har turmin ya tsage, ba mai ce miki kanzil." Ta dube ni sama da ƙasa. "An ce kin yi sakandaren mishan. Kin iya karatu da ƙarfi? Madalla. Idona ya fara hazo. Gobe ki biyo ni."

Haka na shiga aikin ziyara, ta bakin turmi.

Ku 'yan matan zumunta da kuka matsa mini in rubuta yadda ake wannan aiki, na ji abin da ɗayarku ta ce ranar Lahadi a ƙofar majami'a. Wai ziyara ai ba wani abu ba ce: a ɗauki langa, a je a zauna, a yi addu'a, a dawo. Ba zan faɗi sunanta ba, amma mai jan ɗankwali ce, kuma jikata ce. To ki gyara zama.

A zamanin majami'armu tana wajen Tudun Wada, ginin ƙasa da rufin kwano. Fasto ɗaya ne, kekensa ɗaya, shi ma keken rabin hanya tura shi ake yi. Mutanensa na Nassarawa kuwa a warwatse suke a ɗakunan bayan gidajen Turawa: kuku, boyi, mai wanki, direba, akawu irin maigidana, da matansu da 'ya'yansu. Kowa ya baro danginsa can kudu. In mace ta kwanta ciwo, ba uwa, ba gwaggo, ba ƙanwar da za ta ɗebo mata ruwa, miji kuwa yana cikin gidan Bature tun karin kumallo har a kwashe kwanukan ƙarshe. Fasto ba ya iya shiga kowace ƙofa, ga kare ga tambaya. Mace mai kwando a ka kuwa ta cikin shinge take bi, ba mai kula ta. Shi ya sa ikkilisiya ta ɗora mana wannan kaya. Mu ne uwa, mu ne gwaggo, mu ne kunnen Fasto.

Darasin farko ba a ɗakin kowa aka yi shi ba, a gindin mangwaron gidanmu aka yi. Mama Saratu ta zaunar da ni dab da la'asar ta ce in rufe ido. Masu gadi suka idar, sai Nassarawa ta ɗauka gaba ɗaya, turmi ta ko'ina, tun da kowace mace jira take. Ni dai hayaniya nake ji. Ita kuwa ta shiga kiran suna kamar malamar aji.

"Wancan mai nauyi, Laraba ce. Ba gero take daka ba, kan mijinta take daka. Ba yau za mu je ba, sai gobe in ta huce. Wancan mai tsayawa ya ci gaba, Asabe ce, cikin ya tsufa, ki tanadi kanwa. Ji wannan kuma, ji!"

Na kasa kunne. Dum, sai tafi, sai dum.

"Rifkatu ke nan, matar Bitrus kuku, maƙwabtanku. Cilla taɓarya take sama, ta tafa, ta cafe. Yarinyar nan ko ranar tashin matattu da tafi za ta fito."

Sannan ta gaya mini abin da aikin ya rataya a kai. Turmin da ya yi ƙara, ko da ta fushi ce, mai shi tana da sauran ƙarfi. Wanda ya kamata a ji amma ba a ji ba, nan za ki nufa, yau ba gobe ba. Mutanenmu ba sa aikowa su ce ba su da lafiya, kunya ba ta barin su. Ko kin tare mace a hanya kin tambaye ta, lafiya lau za ta ce miki tana dafe da bango. Sai dai turminta ya tona mata asiri. Na daɗe kafin kunnena ya buɗe. Ranar da ya buɗe, ni ce na ce na Asabe ya yi shiru. Muka ruga, muka tarar da ita a durƙushe. Mama Saratu ta karɓi haihuwa, ni kuwa don ruɗewa ina tsaye riƙe da fitila, alhali rana na nan ƙwal a sama.

Kayan aiki ba su da yawa, amma kowanne da lokacinsa. Tsintsiya ce gaba. Ki shiga da sallama, ki share ɗaki, ki wanke kwanukan da suka kwana, ki cika randa, duk ba ki tambayi komai ba. Sai langa: fate mai yakuwa ga wanda bakinsa ba daɗi, kunun kanwa ga mai jego. Sai zani na biyu, domin ba ki san abin da za ki tarar ba. Sai kujera 'yar tsugunno, kada ki tsaya a kan marar lafiya kamar mai karɓar haraji. Littafin waƙoƙi shi ne can ƙasan kwando. Ba raini ba ne. Sai ciki ya ɗauka, ɗaki ya yi haske, sannan mutum yake iya cewa amin da zuciya ɗaya. In kin zo addu'a kuma ki kira sunansa, ki kira sunan ƙauyensu, ya ji cewa Ubangiji ya san inda ya fito. Abu ɗaya ne ba ya shiga kwando: maganar da kika ji a ɗaki. Ki bar ta inda kika same ta. In ta fi ƙarfinki, Fasto kaɗai. Ranar da aka ji zancen wata a bakinki, ƙofofin unguwa duka sun rufe, ki koma gida ki yi ta dakanki.

Akwai wani boyi gwauro, Yakubu, da zazzaɓi ke kama shi duk ranar da ƙanshin fatena ya tsallaka shinge. Na kai ƙara wurin Mama Saratu, ta ce a ci gaba da kai masa. "Ciwon gaske ne, kaɗaici ke damunsa. Maganinsa na can cikin mawaƙa, mai wushirya." Kafin Kirsimeti muka sha biki, zazzaɓi bai sake dawowa ba.

Akwai kuma Baba Dauda, mai wankin wani gida a hanyar Giginyu. Ƙafarsa ta kumbura kamar kabewa, ya ce shi da asibiti sai dai gawarsa. Fasto ya yi magana, dattawan ikkilisiya suka yi, ya ce in ya tafi wa zai goge wa Bature wando. Muka je, Mama Saratu ta zauna tana yi masa hirar ƙauye, ni kuma na zagaya na sunkuce dutsen gugarsa na sa a kwando na rufe da zani. Ashe da sauran garwashi a ciki. Muna tafe hayaƙi na tashi a kaina, yara na bi na suna ihu, Mama Saratu na cewa, "Ci gaba da tafiya, kada ki waiwaya!" Baba Dauda ya biyo mu da sanda yana ɗingishi yana tsine wa kakanninmu, bai ankara ba sai ga shi a bakin titi, inda direban da muka shirya da shi yake jira da mota. Ƙafar ta warke, zanin ne bai warke ba. Har ya rasu, in ya gan ni a sujada sai ya rungume hularsa ya ce, "Kowa ya riƙe kayansa, ɓarauniyar Ubangiji ta iso."

Mulkin kai ma sai da ya taɓa mana sana'a. Da Turawa suka fara tafiya, manyan ma'aikata da alhazai suka shiga gidajen, Hajiya kuwa ba ruwanta da dokar barcin rana, ita ma a gidanta dakan ake yi. Turmi ya koma tashi safe, rana, yamma, kunnena ya rikice sarai. Mutane na ta murnar tuta, ni ina gindin mangwaro ina neman Laraba cikin hayaniya. Sai da na koma kallon igiyar shanya da hayaƙin murhu. Amma wannan daga baya ne. Abin da nake so ku ji ya faru ne ana saura kaɗan Turawa su tafi.

Ƙafafun Mama Saratu suka gaza, sai Fasto ya zo ya danƙa mini aikin. A bakin ƙofar gidanmu ya tsaya riƙe da keke, shi kuwa mutum ne da ko gaisuwa yake yi kamar wa'azi take fita. "Hannatu," in ji shi, "daga yau kiwon tumakin Nassarawa yana hannunki. Kada ko ɗaya ta ɓace miki." Na durƙusa na ce da taimakon Ubangiji. Ku kun san maganarmu ta majami'a, Fasto makiyayi, mu tumaki. Wanda bai sani ba shi ne Malam Sule maigadi, da ke zaune a kan benci yana jan carbi, kunnensa a buɗe.

Malam Sule mutumin wajen Gumel ne, dattijon kirki, ya san dabba kamar yunwar cikinsa. Yana da 'yan tumakinsa a Giginyu wurin wani ɗan'uwansa, domin a Nassarawa an hana ajiye ko akuya, saboda furannin su Madam. Fasto na hawa keke ya matso.

"Matar akawu, ashe kiwo kike yi? Ina garken?"

Na ɗauka tsokana ce. Na ce, "Suna nan a warwatse, Malam, kowane bayan gida da nawa."

Ya zaro ido, ya dubi gidan Bature, ya rage murya. "A cikin ɗakuna? Suna da yawa?"

"Sun fi ƙarfina. Wasu ga taurin kai."

"Haka suke," in ji shi, yana gyaɗa kai. "Ba mai ji a bakina."

Tun daga ranar na shiga samun kyauta. Yau ƙunshin kanwa, gobe damin harawa a bayan ƙofa, jibi dusa a tsohon buhu. Kanwar na yi wa masu jego kunu da ita. Harawar ce ta ɗaure mini kai. Maigida ya ce wataƙila a ƙasarsu haka ake girmama mace. In na fito da kwando sai Malam Sule ya kanne ido ɗaya ya ce, "A gaishe su," in ce, "Za su ji." Wata rana ya tambaye ni ko akwai masu ciki. Na ce akwai, ɗaya ma tagwaye muke zato. Ya ce tubarkalla, in ta haihu in bar ta ta lashe su da kanta. Na ce a raina, kai, mutanen Gumel da al'ada.

Sai shekarar ƙyanda ta zo. Ba zan ja ta da tsawo ba. Ta bi ɗakunan baya ɗaya bayan ɗaya, kwandona bai huta ba. Yawancin yaran sun tashi. Na goyon Rifkatu bai tashi ba, namiji ne, ko yaye ba a yi ba. Fasto ya zo, muka kai yaron makwancinsa, muka dawo. Washegari da la'asar Nassarawa ta ɗauki daka, babu tafi a ciki.

Na yi duk abin da aka koya mini. Na share, na cika randa, na kai fate, na kai kunu. Rifkatu tana kwance fuska a bango, ba kuka, ba magana, sai an matsa ta kurɓi ruwa. Na yi waƙa, na daina waƙa. Na koma zuwa in zauna kawai ina tsintar shinkafa a faifai, don ta ji motsin mutum. Aka ɗauko Mama Saratu a bayan keken Fasto, ta zauna ta riƙe mata ƙafa har yamma. Shiru.

'Yarta Ladi, 'yar shekara biyar, ta koma ci a wurina. Ita ce abokiyar zamana a gindin mangwaro, har ta fara bambance na Laraba da na Asabe. Kullum in dakan ya lafa sai ta dube ni ta ce, "Mama Hannatu, namu bai yi ba." In ce, "Gobe."

Bitrus ba mugu ba ne, amma kicin ɗin Bature ba wurin reno ba ne. Ya yanke shawara: ƙarshen wata zai sa Rifkatu a jirgi a kai ta ƙauye wurin iyayenta, Ladi kuma yayarsa ta zo daga Kaduna ta tafi da ita. Mun san irin wannan tafiya. Yarinyar da gwaggo ta ɗauka ta sa a makaranta, ba a cika dawo da ita ba. Fasto ya zaunar da shi a bayan kicin ya roƙe shi ya ƙara haƙuri. Bitrus ya ce, "Baba Fasto, macen da ba ta iya ɗaga taɓarya, ta yaya za ta riƙe yarinya? In ta tashi, ni mai so ne. In ba ta tashi ba, Yaya tana zuwa." An gaya wa Rifkatu. Ko juyowa ba ta yi ba.

Ana cikin haka, wata safiya na fito da langa zan bi ta shinge, sai Malam Sule ya tare ni, gaban rigarsa na motsi kamar mai tsohon ciki.

"Matar akawu, taimako. Uwar ta mutu jiya a Giginyu, ta bar wannan. Ki sa ta cikin naki, ko akwai mai shayarwa."

Ya zaro 'yar tunkiya fara, ƙafafu kamar tsinke, ya ɗora mini a hannu. Na buɗe baki in ce Malam, wane nawa, sai ga motar Madam ta karyo kwana. Malam Sule ya ruga buɗe ƙofa yana ce mini, "Ɓoye! Ɓoye!" Na cusa ta cikin zani, na faɗa shinge, langa a hannu ɗaya, ƙaya na ja na, na ɓulla gidan su Rifkatu. Can kuma ga Madam ɗinsu tsaye a lambu da almakashi. Ƙofa ɗaya ce a kusa. Na afka, na tura ta da ƙafa.

Dokar Mama Saratu ce, ba a shiga wurin wadda ta rasa na goyo da abu mai kuka. Ko ɗan wata ba a zuwa da shi. Ina tuna wannan, 'yar tunkiya ta leƙo ta saki murya, siririya mai rawa, kai ka ce jariri. Na toshe mata baki, ta zille, ta taka langa, fate ya kife. Na bi ta da rarrafe har ƙarƙashin gado ina cewa, "Ubangiji ka rufa asiri." Na kamo ta ta ƙafar baya na jawo, tana reto kai ƙasa.

"Ba haka ake riƙe ta ba."

Na waiga ƙofa, na ɗauka wani ne ya shigo. Rifkatu ce. Ta juyo daga bango, muryar a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Za ki karya ta. Sa hannu a ƙirji. Kai, Mama Hannatu, miƙo ta nan."

Ashe kafin aure ya kawo ta Kano ita ce mai bin tumakin babanta. Ta tashi zaune, ta sa yatsa a bakin 'yar tunkiya, ta ce wannan ba ta sha komai ba tun jiya, wane marar tausayi ne ya bar ta haka. Ta aike ni kicin wurin Bitrus in karɓo madarar gwangwani da ruwan ɗumi, ta yage bakin tsohon zani ta murɗa, tana tsomawa tana ba ta. Bitrus ya biyo ni da ludayi a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi matarsa, ya dubi tunkiya, ya dubi faten da ke ƙasa, ya koma kicin. Da marainiyar ta ƙoshi ta yi barci a cinyarta, sai Rifkatu ta dubi langa ta ce, "Duka ya zube?" Na ce akwai saura a tukunya. Ban taɓa gudu a Nassarawa irin na ranar ba.

Sai aikin ɓoyo, tun da tunkiya ba ta san dokar barcin rana ba. Muka koya wa Ladi kukanta. Duk lokacin da ta ciki ta yi, sai Ladi ta fito tsakar gida ta amsa da ƙarfi, meee, tana tsalle, don a ce wasan yara ne. Ta iya har ta fi mai abin. Madam ta kira Bitrus ta ce 'yarsa na da wani irin tari, ta ba shi magani a kwalba. Ladi ta sha, ta ce da zaƙi, ta ƙara ƙaimi.

Malam Sule kuwa ya matsa sai ya ga garken da aka sa marainiyarsa. Na kai shi ta shinge. Ya yi sallama daga waje, ya hango mace zaune da tunkiya a cinya. Ya zagaya bayan ɗaki ya dawo.

"Ina sauran?"

Na nuna masa Rifkatu, na nuna Ladi, na nuna ɗakunan da ke jere har ƙarshen layi. Ya shafa gemu.

"To mai tagwayen fa?"

"Matar direba ce, Malam. Ta sauka lafiya, amma ba ta lashe su ba."

Malam Sule ya cire hula, ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi dariya har carbi ya faɗi. "Wayyo harawata! Ashe mutane kike kiwo, matar akawu. Allah ya ba ki haƙuri, naki ya fi nawa wuya. Ni nawa in na kaɗa su suna tafiya."

Daga cikin ɗaki Rifkatu ta ce, "Malam, dusar nan da ka aiko duk ƙwari ce. Wannan za a ba marainiya?" Ya ce a yi masa afuwa, ita ke nan gare shi.

Kada ku ce shi ke nan. Rifkatu ta ci, ta yi wanka, ta yi faɗa, amma ba ta taka tsakar gida ba. Turminta na kife a jikin bango, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Na je wa Bitrus da murna, ya ce, "Mama Hannatu, tana hira da tunkiya, ni ko sannu. Wannan sauƙi ne?" Nan ne sababbin hannu suke sakewa, an ga alamar sauƙi sai a ɗauke ƙafa. Ba a ɗaukewa. Na ci gaba da zuwa da tsintsiya da langa. Yanzu in na buɗe littafin waƙoƙi ba ta juya baya, wata rana ma na ga leɓenta na bi.

Wata ya ƙare, yayar Bitrus ta sauka a jirgin safe, mace mai fara'a, har da sabuwar riga ta kawo wa Ladi. A wurina aka sauke ta, tun da ɗakin ƙaninta ba wuri. Washegari za su juya. Na ƙulle 'yan kayan Ladi a ɗankwali, na shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, muka zauna mu uku, ina ta zuba wa baƙuwa labarin Baba Dauda da dutsen guga don kada bakina ya tsaya. Masu gadi suka idar da la'asar. Nassarawa ta ɗauka. Ranar ban kasa kunne ba, ƙara murya ma na yi.

Ladi ce ta miƙe tsaye cikin sabuwar rigarta. Ta zo ta ɗora tafin hannunta a bakina, yana danƙon mangwaro.

Daga bayan shinge, a ƙarƙashin na Laraba da na Asabe, wani turmi yana shigowa a hankali, kamar mai gwada ƙafa bayan jinya. Dum. Dum. Ya tsaya. Wata 'yar murya ta ce meee, irin ta mai jiran sabuwar dusa. Malam Sule ya ƙame da tabarma a hannu. Dum. Sai tafi. Sai dum.

"Mama Hannatu, namu ne," in ji Ladi. "Ki kwance kayana. Amma ki gaya wa Gwaggo ta bar mini rigar."